Idan Gida Ya Tashi Suna Bai Bi Shi Ba: Gano Matsalar Jadawalin Sabunta Adireshi a Rauta Mai Katangar Tsaro

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya ce suna linzami ne. Ko ina mutum ya shiga, da zarar an kira sunansa sai ya waiwayo. Su kuwa na'urorin da ke kan intanet lamba suka sani, ba suna ba. Duk sunan da muka rubuta a waya ko a kwamfuta, sai an fara juya shi zuwa lamba kafin saƙo ya kama hanya. Muddin suna da lamba suna tafiya tare, babu mai lura da wannan aiki. Ranar da lamba ta sauya aka bar suna yana nuna tsohon wuri, ranar ce mai shago zai kasa ganin kyamarar shagonsa daga gida. Haka ɗalibin da ya tafi ƙauye neman bayanai zai kasa shiga kwamfutar sashe don ajiye hirarrakin da ya naɗa, alhali intanet na aiki lafiya lau a wurinsa da kuma a makaranta.

Wannan muƙala za ta yi bayani a kan yadda ake gano musabbabin wannan matsala, da yadda ake magance ta. Abin da take son nunawa shi ne, a mafi yawan lokuta na'urar lafiyarta ƙalau, saɓanin lokaci ne kurum ake samu tsakanin wasu agoguna uku. Wanda ya gano agogon da ya makara, ya gama rabin aikin.

Wataƙila mai karatu ya ce, ina ruwan biri da gada, me ya haɗa ɗalibin harshe da rauta? Amsa ita ce, mu ne za a kawo wa irin waɗannan bayanai mu fassara, kuma mu ne za mu samar musu da kalmomi. Mai fassarar da bai fahimci yadda abu ke aiki ba, da wuya ya raɗa masa sunan da zai zauna a bakin jama'a.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Kafin a shiga cikin bayani, ya kamata a share fage da ma'anar kalmomin da za a riƙa cin karo da su.

Adireshin IP: lamba ce da ake gane kowace na'ura da ita a kan intanet. Tsarin da aka fi amfani da shi, wato IPv4, yana rubuta ta kashi huɗu da ɗigo a tsakani, kamar 203.0.113.7. Wannan lamba da sauran waɗanda za a kawo a matsayin adireshin wani wuri, an ɗauko su ne daga cikin waɗanda aka keɓe don misali. Tsarin yana da adireshi kimanin biliyan 4.3 kacal, kuma a watan Fabrairu na shekarar 2011 hukumar IANA ta raba ragowar manyan kason da ke hannunta. Saboda wannan ƙaranci, kamfanonin intanet aron adireshi suke bai wa masu hulɗa da su, suna iya karɓewa su ba da wani a kowane lokaci.

Kundin sunaye, wato DNS: tsari ne mai juya suna zuwa lamba. A farkon zamanin intanet, fayil guda ɗaya ne ke ɗauke da sunayen dukkan kwamfutoci, ana kula da shi a cibiyar bincike ta SRI da ke Kalifoniya a ƙarƙashin jagorancin Elizabeth Feinler. Da kwamfutoci suka yi yawa, sai Paul Mockapetris ya fito da tsarin DNS a shekarar 1983.

Kundin sunaye mai bin sauyi, wato DDNS: hanya ce ta gyara lambar da ke gaban suna a duk lokacin da ta sauya, ba tare da mutum ya sa hannu ba. An fitar da ƙa'idarsa mai lamba RFC 2136 a shekarar 1997. Sai dai galibin ƙananan ofisoshi da gidaje suna bi ne ta kamfanoni irin su No-IP da DuckDNS da Cloudflare, inda rauta ke aika musu da ɗan gajeren saƙo. Kamfanin Dyn da ya yi fice a wannan harka ya daina bayar da suna kyauta a shekarar 2014. A nan za mu kira irin waɗannan kamfanoni da "mai riƙe da suna".

Rauta mai katangar tsaro: na'ura ce da ke tsaye tsakanin kwamfutocin cikin gida da intanet. Tana rarraba layi, tana kuma tantance abin da zai shiga da wanda zai fita, kamar dai mai gadi a bakin ƙofa. Za mu yi misali da manhajoji biyu da aka sani: pfSense, wadda aka gina a kan FreeBSD aka fitar da ita a shekarar 2006, da kuma OpenWrt, wadda ake ɗorawa a kan ƙananan rautoci.

Littafin rahoto: wurin da na'ura ke rubuta duk abin da ta yi, tare da ranar da lokacin da ta yi shi.

3.0 Agoguna Uku

A ɗauka cewa wani sashe yana da kwamfutar ajiya, an kuma ba ta suna taska.example.org. Da safe adireshin sashen 203.0.113.7 ne, da rana sai kamfanin intanet ya mayar da shi 198.51.100.24. Kafin ɗalibin da ke waje ya sake samun hanya, dole abubuwa uku su faru bi da bi, kuma kowanne da agogonsa.

Agogo na farko shi ne na dubawa. Yaushe rauta za ta lura cewa adireshi ya sauya? Hanyoyi biyu ne. Ko dai sauyin ya faru a jikinta ta ji shi nan take, ko kuma ta riƙa leƙawa bisa jadawali. OpenWrt tana zuwa da tsarin leƙawa duk bayan minti 10. Ita kuwa pfSense ta fi dogara da hanya ta farko: da zarar adireshin ƙofarta ta waje ya sauya sai ta motsa. Bayan wannan, jadawalin da take zuwa da shi sau ɗaya ne a rana, da ƙarfe 1:01 na dare.

Agogo na biyu shi ne na sanarwa. Dubawa daban, sanarwa daban. Idan rauta ta duba ta ga babu sauyi, shiru take yi. Amma akwai wani dogon wa'adi da idan ya cika za ta aika da saƙo ko da babu abin da ya sauya, don mai riƙe da suna ya san tana nan da rai. A pfSense kwana 25 ne, a OpenWrt kuma awa 72.

Agogo na uku shi ne wa'adin amsa, wanda ake kira TTL. Idan wata kwamfuta ta tambayi lambar da ke gaban suna, amsar na zuwa ne da adadin daƙiƙoƙin da aka yarda ta riƙe ta kafin ta sake tambaya. Masu riƙe da suna irin No-IP da DuckDNS suna sa daƙiƙa 60. Amma wanda ya sayi sunansa na kansa zai iya tarar da 3600, wato awa guda, ko ma 86400, wato kwana guda cur.

Lissafin ba wuya. Mafi tsawon lokacin da suna zai yi yana nuna tsohon wuri shi ne tazarar dubawa a haɗa da wa'adin amsa. Idan ana duba duk minti 10, wa'adin amsa kuma daƙiƙa 60 ne, to minti 11 ke nan. Idan wa'adin awa guda ne, ya zama minti 70. In kuwa dubawar sau ɗaya ce a rana da ƙarfe 1:01, sai adireshi ya sauya da ƙarfe 1:05, to sai an jira awa 23 da minti 56.

4.0 Lambobi Uku da Za a Fara Kwatantawa

Likita ba ya rubuta magani sai ya auna majiyyaci. Kafin a taɓa komai a jikin rauta, a samo lambobi uku a rubuta su a takarda.

Ta farko: adireshin da ke ƙofar waje ta rauta. Ana ganin sa a shafin farko na na'urar.

Ta biyu: adireshin da duniya ke ganin ka da shi. Ana samun sa ta buɗe ɗaya daga cikin shafukan da ke nuna wa mutum adireshinsa, daga wata kwamfuta ta cikin gida.

Ta uku: adireshin da ke gaban sunan a kundi. Ana tambayar sa da umarnin nslookup ko dig. Yana da kyau a yi tambayar sau biyu: sau ɗaya ga kundin gama-gari kamar 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare, sau ɗaya kuma kai tsaye ga kundin mai riƙe da suna, domin zuwa da kai ya fi saƙo.

Ga yadda ake karanta sakamakon:

(a) Idan duka ukun iri ɗaya ne, to DDNS ya yi aikinsa. A nemi matsalar a dokokin katangar tsaro ko a ita kanta kwamfutar ajiya. A kuma yi gwajin daga waje, misali da datar waya, domin wasu rautoci ba sa barin na cikin gida ya shigo ta sunan waje.

(b) Idan ta farko da ta biyu sun dace amma ta uku ta bambanta, to saƙon sabuntawa ne bai tafi ba, ko ya tafi an ƙi karɓa.

(c) Idan kundin mai riƙe da suna ya ba da sabuwar lamba, na gama-gari kuma ya ba da tsohuwa, to wa'adin amsa ne bai cika ba. Haƙuri ne magani.

(d) Idan ta farko ta bambanta da ta biyu, to akwai wata na'ura a gaban rautarka. Daga nan ne mafi yawan ciwon kai ke tasowa.

5.0 Matsaloli da Magungunansu

5.1 Rauta a Bayan Modem

Sau da yawa kamfanin intanet yana kawo nasa modem, wanda shi ma rauta ne a karan kansa. Shi ne ke riƙe da adireshin waje na gaskiya, sai ya bai wa rautarka adireshin cikin gida. Ana gane adireshin cikin gida da farkonsa: mai farawa da 10, da mai farawa da 192.168, da kuma daga 172.16 zuwa 172.31. To idan kamfani ya sauya adireshin waje, modem ne kaɗai ya sani. Ita rautarka tana nan da 192.168.1.2 kamar jiya, ba ta ji komai ba. Mai gadin da ke zaure na biyu ba shi da labarin an sauya lambar da ke ƙofar gida.

pfSense ta san da wannan hali. Idan ta ga adireshinta na cikin gida ne, takan tambayi wani shafi na waje ya gaya mata adireshinta na gaskiya. Amma sai ta tashi dubawa take yin tambayar, ga shi kuwa babu abin da zai tashe ta sai ƙarfe 1:01 na dare. Alamar wannan ciwo ita ce: suna ya daina aiki da rana, washegari da safe a tarar ya gyara kansa. Alama ta biyu, idan aka danna maɓallin tilasta sabuntawa, nan take komai ke daidaita. Wannan na nuna cewa kalmar sirri da sunan duk daidai suke, jadawali ne ya gaza.

Magani iri biyu ne. Wanda ya fi inganci shi ne a mayar da modem ya zama gada kawai, ya miƙa adireshin waje kai tsaye ga rauta, ta yadda za ta ji sauyi a jikinta. Idan kamfani bai ba da damar haka ba, sai a rage tazarar dubawa zuwa minti 10 ko 15.

5.2 Kuskure a Rubuta Jadawali

Manhajar da ke kula da jadawali a irin waɗannan na'urori ita ce cron. Paul Vixie, wanda ya rubuta shahararren samfurinta a shekarar 1987, yana cikin marubutan RFC 2136 da aka ambata a baya. Layin cron yana da gurabe biyar kafin umarni: minti, awa, ranar wata, wata, da ranar mako. Tauraro na nufin "kowane". Ɗalibin harshe zai gane cewa wannan ma jimla ce mai tsarin kalmomi, idan aka sauya wa kalma gurbi ma'ana ta sauya. Ga misalai:

1 1 * * * na nufin ƙarfe 1:01 na dare, kullum.

*/10 * * * * na nufin duk bayan minti 10, wato sau 144 a rana.

10 * * * * na nufin sau ɗaya a kowace awa, idan ta wuce da minti 10.

* 1 * * * na nufin kowane minti daga ƙarfe 1:00 zuwa 1:59, wato sau 60 a jere, sannan shiru har gobe.

Layi na biyu da na uku sun yi kama, kuma a nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Na huɗun kuwa ya haɗa illa biyu: ya dami mutane na awa guda, ya kuma yi barci na awa 23.

Akwai wani tarko a pfSense. Idan aka gyara fayil ɗin jadawali da hannu, na'urar za ta sake rubuta shi daga babban fayil ɗinta na saiti, gyaran ya ɓace. Don haka sai a ɗora ƙarin manhajar Cron daga rumbun manhajojinta, a yi gyaran ta can, a kan layin da ke ɗauke da rc.dyndns.update. A OpenWrt kuma, dole wa'adin tilasta sanarwa ya fi tazarar dubawa tsawo. Wanda ya sa masa sifiri da nufin kashe tilastawa, ya umarci manhajar ne ta yi aiki sau ɗaya ta tsaya.

5.3 Ɗauke Wuta da Agogon Na'ura

Wannan matsala ta fi shafar mu a Nijeriya. Cron ba ta rama aikin da ya wuce ta. Idan ofis yana aiki da janareta da rana, da yamma a kashe komai, to ƙarfe 1:01 na dare za ta riƙa samun na'urar a kashe. Ke nan wannan jadawali na rana ɗaya ba zai taɓa gudana ba.

Gaskiya ne rauta kan yi ƙoƙarin sabuntawa idan ta tashi. Amma idan aka kawo wuta, rauta da modem tare suke tashi, kuma modem na iya ɗaukar wasu mintoci kafin ya kama layi. Rauta ta aika saƙo babu hanya, ta rubuta kuskure a littafin rahoto. Idan manhajar ba mai sake gwadawa ba ce, shi ke nan sai wani zagayen. Gajeriyar tazarar dubawa tana toshe wannan kafa, haka ma ɗora na'urorin biyu a kan inbata ko ƙaramin batirin ajiyar wuta.

Sai kuma agogon na'urar kansa. Ƙananan rautoci da yawa ba su da batirin agogo. Tsohuwar kwamfutar da aka mayar rauta kuma batirinta mai kama da kwabo yana iya mutuwa. Idan irin wannan na'ura ta tashi, sai ta ɗauka tana wata tsohuwar shekara, wasu ma har 1970, wadda daga ita ne tsarin Unix ke fara ƙirga lokaci. Saƙon sabuntawa yana bi ne ta amintacciyar hanya mai takardar shaida, ita kuma takardar tana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Na'urar da ke zaton tana 1970 za ta ga cewa lokacin takardar bai zo ba tukuna, sai ta ƙi yarda da ita. Magani shi ne a tabbatar tana daidaita agogonta ta intanet, wato ta tsarin NTP, a kuma sauya batirin da ya mutu.

A kuma duba yankin lokaci. Agogon Nijeriya yana gaban na UTC da awa ɗaya. Idan an bar na'ura a kan UTC, ƙarfe 1:01 nata ƙarfe 2:01 ne a wurinmu, kuma mai karanta littafin rahoto zai yi ta neman abu a awar da ba ita ba.

5.4 Yawan Aike

Wani idan ya gaji sai ya ce, bari in sa ta riƙa aika saƙo kowane minti in huta. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Masu riƙe da suna da ke bin tsarin da Dyn ya shimfiɗa suna mayar da gajeriyar amsa ga kowane saƙo, kuma akan gan ta a littafin rahoto, musamman idan an kunna cikakken rahoto:

good: an karɓa, an kuma sauya lambar.

nochg: lambar da ka aiko ita ce wadda take nan, babu sauyi.

badauth: sunan shiga ko kalmar sirri ba daidai ba ne.

nohost: babu wannan suna a asusunka.

abuse: an toshe sunan saboda yawan damu.

911: matsala daga wurinsu take, a dakata kafin a sake gwadawa.

Yawan samun nochg shi ke jawo abuse. Haka nan idan amsa ta zo badauth ko nohost, maimaita saƙo ba zai gyara komai ba, sai mutum ya shiga ya gyara da hannunsa. Ƙa'idar dai ita ce a yawaita dubawa, a taƙaita sanarwa. Umarnin da pfSense ke gudanarwa ta cron yana bin wannan ƙa'ida, domin yana kwatanta sabon adireshi da wanda ya ajiye, sai ya ga bambanci ko kwana 25 sun cika yake aikawa. Duk da haka, shafukan da ke gaya wa rauta adireshinta su ma ba sa son matsi, shi ya sa minti 10 ya zama tazara mai kyau.

Wannan ajiya da pfSense ke yi tana da nata aibin. Idan wani ya shiga shafin mai riƙe da suna ya sauya lambar da hannu, ko wata na'ura ta biyu, kamar akwatin kyamarorin tsaro, tana sabunta suna ɗaya da wata lamba daban, rauta ba za ta sani ba, tunda da ajiyarta take kwatantawa. OpenWrt kuwa kundin sunaye take tambaya kai tsaye. A kowane hali, suna ɗaya na'ura ɗaya ya kamata ta riƙa sabunta shi.

5.5 Wa'adin da Ba na Rauta Ba

Akwai wa'adodi biyu da ba a jikin rauta suke ba, amma akan ɗora mata laifinsu. Na farko, suna na kyauta a No-IP sai mai shi ya tabbatar da shi duk bayan kwana 30, ta hanyar saƙon imel da suke aikowa ko ta shafinsu. Saƙon da rauta ke aikawa ba ya maye gurbin wannan tabbatarwa. Idan suna yana mutuwa wata-wata, a duba akwatin imel ɗin da aka yi rajista da shi, musamman idan wanda ya buɗe shi ya gama karatu ko an yi masa canjin wurin aiki.

Na biyu, wasu manhajoji suna tambayar lamba sau ɗaya ne lokacin da aka kunna su. Manhajar WireGuard, wadda ake haɗa amintaccen layi da ita, haka take yi. Ko da kundi ya gyaru, ita tana iya ci gaba da bugun tsohuwar ƙofa har sai an kashe layin an sake kunnawa.

5.6 Inda Jadawali Ba Zai Yi Magani Ba

Idan adireshin ƙofar waje ya faɗo tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255, to kamfanin intanet ya haɗa ka ne da wasu mutane da yawa a kan adireshin waje guda. An keɓe wannan kaso don haka a shekarar 2012, ana kuma kiran tsarin CGNAT. Ya zama ruwan dare a layukan wayar salula, kuma Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a shekarar 2023, shi ma da shi yake haɗa galibin masu amfani da shi a gida. Wasu kamfanonin kuma adireshi mai farawa da 10 suke bayarwa don wannan manufa.

A wannan hali rauta za ta aika, amsa ta zo good, kundi ya nuna lambar da duniya ke gani, amma babu mai iya shigowa. Dalili kuwa, ƙofar da lambar ke nunawa ta kamfani ce, ba taka ba. Kamar mutum ne ya ba da adireshin babban gidan haya mai ɗaki ɗari, mai gadi kuma ba ya barin baƙo ya wuce zaure. Ko da za a riƙa dubawa kowace daƙiƙa, ba abin da zai sauya. Mafita ita ce a nemi kamfani ya ba da adireshin waje na kai, wanda galibi sai an ƙara kuɗi, ko a yi amfani da IPv6 idan layin na da shi, ko kuma a bi ta manhajoji irin su Tailscale da ZeroTier, waɗanda ke ƙulla hanya daga ciki zuwa waje.

6.0 Gwaji Bayan Gyara

Ba a cewa gyara ya yi sai an gwada. Danna maɓallin tilasta sabuntawa ba gwajin jadawali ba ne, domin ya tsallake agogo na farko gaba ɗaya. Gwajin gaskiya shi ne a kashe modem shi kaɗai a bar rauta a kunne, a jira kaɗan, a sake kunna shi. Idan adireshin waje ya sauya, a rubuta lokacin. Daga nan sai a zuba ido a littafin rahoto, a ga ko cikin tazarar da aka sa rauta ta duba, ta aika, ta kuma samu good. Sannan a tambayi kundi daga waje. A yi gyara ɗaya a lokaci ɗaya, domin wanda ya sauya abu biyar a tare ba zai san wanne ne ya yi magani ba. Kuma kafin a kai rahoton na'ura ga wani don neman taimako, a goge kalmar sirri da duk wata lambar shiga da ta bayyana a ciki.

7.0 Kammalawa

A wannan muƙala an yi bayanin yadda suna ke bin adireshi mai sauyawa, aka nuna cewa aikin ya rataya ne a kan agogon dubawa, da na sanarwa, da kuma wa'adin amsa. An kawo lambobi uku da za a kwatanta kafin a taɓa komai, sannan aka bi matsalolin ɗaya bayan ɗaya, tun daga rautar da ke bayan modem har zuwa layin da aka haɗa mutane da yawa a kan adireshi guda.

Saura kuma namu aikin. Kalmomin da aka yi amfani da su a nan, irin su "katangar tsaro" da "kundin sunaye mai bin sauyi" da "wa'adin amsa" da "littafin rahoto", shawara ce kawai. Ina kira ga 'yan uwana ɗalibai da mu kai su wurin masu haɗa layin intanet da masu saka kyamarorin tsaro, mu ji wacce suka gane nan take, wacce kuma sai an yi musu ƙarin bayani. Wadda ta karɓu mu riƙe, wadda ba ta karɓu ba mu nemo mata madadi. Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.